Arewa da Ɗorawa

Matar da muke haya gida ɗaya da ita a nan Kafanchan daddawa take yi. Ranar da ta ɗora kalwa a wuta, tun daga bakin layi za ka sani. Yarana suna toshe hanci suna tsaki, ni kuwa sai in ajiye jakar kayan aiki in zauna a kan benci, in kasa ko cire takalmi. Ba wai warin yana mini daɗi ba ne. Wari ne, babu wani suna da za a ba shi. Amma shi ne warin gidan kakana, kuma duk sa'ad da ya shiga hancina sai in ga wata ɗorawa guda ɗaya tsaye, wadda yau ko kututturenta babu.

Ni mai facin taya ne. A aji biyar na bar makaranta, don haka kada ka nemi kwalliyar magana a wurina. Abin da ya faru zan gaya maka, yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana can bayan Kwoi, in ka sauka daga kwalta ka bi hanyar ƙafa kamar za ka Nok. Gidan kakana ɗakunan laka ne guda biyar da rumbuna uku, an kewaye su da shingen ƙerana. Babana yana aikin layin dogo a Kafanchan, sai ƙarshen wata muke ganinsa, wani watan ma ba ma gani. Saboda haka tsohon ne ya rene ni. Yana saurayi ya yi lebura da 'yan safiyo masu awon hanya, shi ne mai jan sarƙar awo da ɗaukar sanduna. A can ya koyi Hausa, a can kuma ya ɗauko gabas da yamma da kudu da arewa ya kawo mana gida. A yarenmu mutum zai ce maka abu yana sama wajen dutse, ko yana ƙasa wajen rafi, shi ke nan kowa ya gane. Shi kuwa ko yare yake yi, in ya zo kan kwatance sai ya tsoma Hausa a ciki.

In ka tambaye shi ina fartanya, ba zai ce tana can ba. Zai ce tana arewa da rumbun acca. Akuya ta tsinke igiya, ina ta nufa? Ta yi kudu da rijiya. Ko gungume muka kama tare, sai ka ji ya ce, matsa arewa kaɗan, lebura. Lebura yake kirana, don ni ne mai riƙe masa sanda da jaka. Kakata ba ta gajiya da tsokanarsa a kan wannan hali. Wata rana yana shan kunu ƙuda ya sauka masa a fuska, ta ce, “Maigida, ga baƙo arewa da hancinka.” Ko murmushi bai yi ba. Ya kore ƙudan, ya ce mata kudu ne, shekara arba'in suna tare ba ta koyi komai ba.

Yadda ya koya mini ba wuya. Ya ce in tsaya da safe in ba rana fuskata, hannun da ba na cin tuwo da shi in miƙe shi, inda ya nuna nan ne arewa. Ya ce hagu da dama bayin mutum ne, in ka juya su juya, amma arewa ba ta juyawa don kowa, ko gwamna. Abu ɗaya ya fi ja mini kunne a kai. Kada in taɓa ce wa mutum arewa kawai in yi shiru. Arewa da me? Arewa da gidanmu akwai gona, arewa da gona akwai dutse, arewa da dutse akwai ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. In za ka yi kwatance, ka nemi abin da ba ya tashi daga inda yake, ka ɗaure maganarka a jikinsa. Dutse, ko rafi, ko babban itace.

Babban itacenmu kuwa ita ce ɗorawar da ke tsakiyar gonar bayan gida. Maza uku ba sa haɗa hannu su kewaye ta. Da rani takan fitar da furanni jajaye suna lilo kamar an rataye ƙwallaye, ƙudan zuma su yi ta guna a cikinta har sai ka ɗauka itacen ne ke magana. Da bazara 'ya'yanta su bushe, mu kaɗo su da doguwar gora, mu lashi garin har leɓunanmu su zama rawaya, cikinmu ya kumbura. Mama da sauran mata su kai kalwa rafi su wanke, su dawo su dafa ta yini guda. Daga nan sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, kowa ya shiga dasa citta, mu yara a tura mu daji yankan ganyen da za a rufe ta da shi don kada rana ta ƙona ta. Shekara ke nan a wurinmu. Ba mu san wani kalanda ba bayan wannan.

A irin wannan bazarar, ina shekara tara, baƙon dauro ya shigo ƙauye. Ina da ƙanwa a lokacin, ba ta kai shekara biyu ba. Ta fara tafiya ke nan, tana kama gefen zanen Mama duk inda ta nufa. In na ba ta garin ɗorawa sai ta shafa shi a goshi maimakon baki. Kwana shida ta yi jikinta kamar garwashi, ran na bakwai da gari ya waye ta daina kuka.

A garinmu a wancan zamani, ƙaramin yaro ba a binne shi cikin gida kusa da manya. A gona ake sa shi, ba a tara ƙasa a kansa, ba a kafa dutse. Uwa kuma ba ta zuwa, ba a kuma nuna mata wurin. Tsofaffi sun ce in ta san wurin za ta riƙa zuwa tana kuka a kai, hawayenta su hana yaron tafiya, shi kuma ya tare ƙofa ga waɗanda za su biyo bayansa. Kakana an yi masa baftisma, ba ya fashin coci, yana da kujerarsa a layin dattawa. Amma wannan al'adar bai ajiye ta a bakin ruwan baftisma ba, ya haye da ita.

Mata suka shigar da Mama ɗaki, kakata ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. Tsohon ya naɗe yarinyar a ƙaramar tabarma, ya miƙo mini garma, ya ce in biyo shi. Shi ya haƙa, shi ya kwantar da ita, ya yi Addu'ar Ubangiji da Hausarsa mai gargada, ya mayar da ƙasa ya daddale, ya watsa busasshen ganye a kai. In ba ka gani da idonka ba, ba za ka ce an taɓa wurin ba. Sai ya kai ni gindin ɗorawa ya ce in nemo arewa. Rana tana fitowa daidai tsakanin wasu duwatsu biyu na gabas. Na ba ta fuska, na miƙa hagu. Ya jingina bayana da itacen, ya ce in taka in ƙirga har sai ya tsayar da ni.

“Nawa?”

“Sha ɗaya, Kaka.”

“Riƙe shi, lebura. Ni na kusa tafiya, ubanka ba mazaunin gida ba ne. Dole mutum ɗaya ya sani, don kada wata rana a kafa rumbu a kanta. Uwarka kuwa, ko da wasa.”

Sau ɗaya Mama ta tambaye ni. Bayan kamar wata guda ne, na raka ta rafi, tana durƙushe tana murza kalwa a kwando. Ba ta ɗago kai ba ta ce, ina ne? Na ce arewa da ɗorawa. Ta ce wannan kowa ya ga inda kuka nufa, taku nawa? Ta san tsohon ba ya barin abu bai ƙirga ba. Sai na fashe da kuka, na ce Kaka ya ce in na faɗa ba za ta ƙara samun yaro mai rai ba. Ta daɗe tana kallona. Ta share mini fuska da jiƙaƙƙen hannu, ta ce shi ke nan, kai yaron kirki ne.

Daga ranar ba ta ƙara taka arewacin itacen ba. Duk gefen nan ta bar shi, don ba ta san inda za ta sa ƙafa ta taka 'yarta ba. In ɗorawa ta zube a can sai ta aike ni in kwaso. In muna hutawa daga noma, ta zauna a kudu ta ba itacen baya. Ta haifi huɗu bayan haka, duk suka rayu, tsofaffin mata suka ce ai ga amfanin bin magana.

Kakana ya rasu ina shekara sha biyar. Na zo Kafanchan na koyi faci, na yi aure, yara suka zo, kowace safiya da bukatarta. Al'adar nan kuwa ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba. Babu wanda ya tsaya a coci ya ce daga yau an daina. Kawai dai aka fara ganin iyaye mata a bakin kabarin 'ya'yansu, babu wanda ya kore su. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kowace Kirsimeti ina zuwa gida, ina wuce ɗorawar, Mama tana nan da ƙafafunta lafiya lau. Taku sha ɗaya ne kawai. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban ce zo in nuna miki ba. Na gaya wa kaina ta manta. Mai 'ya'ya biyar da jikoki, me za ta tuna? Haka na yi ta faɗa wa kaina fiye da shekara talatin, don ya fi sauƙi.

Ɗan ƙanen babana shi ke noma gonar tun da muka watse. Wata rana ya kira ni a waya ya ce ɗorawa ta tsufa, ba ta 'ya'ya kamar da, inuwarta tana cinye masa citta, ga masu gawayi sun zo suna so. Ba zan ce maka na manta ba. Na tuna sarai. Amma tayar tirela tana kwance a gabana, direba yana tsaye a kaina yana zagi, na ce a raina ai wurin yana cikin kaina, ina zai je? Na ce masa su sare. Maganar ba ta kai minti biyu ba.

Bayan Baba ya rasu na ɗauko Mama ta zauna da mu, gwiwoyinta sun ƙi. Bara, lokacin haƙar citta, jaririn wata yarinya a cocinmu ya rasu, 'yan zumuntar mata suka je jana'iza har da Mama. An yi masa ɗan akwati fari, uwar ta tsaya a bakin ramin ta zuba ƙasa da hannunta, aka shafe da siminti, aka rubuta sunansa da ƙusa tun bai bushe ba. Da Mama ta dawo ba ta ci abinci ba. Bayan sati biyu ta same ni ina wanke hannu da kananzir a tsakar gida.

“Tsohon ya mutu, ni ma na gama haihuwa tuntuni. Kai ni in ga wurin.”

Na ce to, Mama. Me kuma zan ce?

Mun shiga mota zuwa Kwoi, daga nan muka hau mashin. Ta ɗaura zanen zumunta, tana rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ban tambaye ta mene ne ba. Muka kwana a ƙauye. Da rana ta fara leƙowa na riƙe hannunta muka fita gonar bayan gida.

Na san an sare itacen, amma sani daban, gani daban. Fili ne fetal daga shinge har dutse. An ƙone kututturen, an tone saiwoyin, tarakta ta bi ta kai shekara bayan shekara. An gama haƙar citta, ƙasa duk a birkice, jajir. Can a kan falalen dutse mata suna tsaga citta suna shanyawa, yajinta yana hawa ido. Na tsaya ina neman inda zan jingina bayana, babu.

Na kira ɗan'uwan nawa na ce ya nuna mini gindin ɗorawa. Ya yi tafiya da ƙarfin zuciya ya buga ƙafa a wani wuri.

“Nan ne, Yaya.” Ya dubi shinge, ya dubi dutse, ya sosa ƙeya, ya matsa kamar taku takwas. “Ko kuwa nan. Ai shingen ma mun matsar da shi.”

Wata tsohuwa cikin masu tsaga citta ta ɗaga wuƙa ta yi masa tsawa. “Kai da ka ci kuɗin gawayi ba ka san inda ka sare ba? Can ne, inda akuyar nan take tsaye!” Akuyar kuwa tana jin an nuna ta sai ta yi gaba abinta. Matan suka kwashe da dariya, don ba su san abin da ya kawo mu ba. Da suka ga fuskar Mama sai dariyar ta mutu.

Na zaɓi tsakiyar wuraren uku na tsaya. Na ba rana fuska, sai na ga ba daga tsakanin duwatsun nan biyu take fitowa ba, ta koma can gefe wajen kudu. A bazara muka binne yarinyar, yanzu kuwa kaka ce. Shekaruna hamsin da ɗoriya a duniya ban taɓa lura cewa rana tana sauya ƙofa ba. Ɗan'uwana ya ciro waya ya ce akwai abin da ke nuna arewa a ciki. Kibiyar wayar ta nuna wani wuri, hannuna yana nuna wani. Na bi tsakaninsu na fara takawa. Ina kai taku huɗu na tsaya cak. Ƙafar yaro ɗan shekara tara ce ta ƙirga sha ɗaya, yaron da yake kuka yana jan ƙafa. Ni yanzu taku nawa ne nawa? Bakwai? Shida? Na rage takun, na gwada tafiyar yara, ƙato da furfura yana ɗingishi a tsakiyar gona mata suna kallo. Na koma na sake. Sau uku, kowanne ya kai ni wani wuri dabam.

Mama tana tsaye a bakin gonar, ta dogara da sanda, ba ta shigo ba. Har yanzu tana tsoron inda za ta sa ƙafa. Ta kwance ɗankwalin nan. Ɗan gicciye ne na katako, bai fi tsawon hannu ba, ta sa kafinta ya yi mata ba da sanina ba, an rubuta sunan yarinyar da farin fenti. Sunan da ban ji a bakin kowa ba tun ina yaro.

Ɗan'uwana ya matso ya rage murya. “Yaya, ka ce nan ne kawai, tsohuwa ta huta.”

Na so in yi haka, Allah ya sani. Bakina har ya buɗe. Sai na hango ta a zuciyata durƙushe da gwiwoyin nan nata marasa lafiya, tana yi wa ƙasar da babu kowa a ciki magana, ni kuma ina tsaye a bayanta na san babu. Na kasa. Na taka har inda take, na ce, “Mama, ban sani ba. Na ɓatar da wurin. Ni na ce a sare itacen.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, kamar mai neman ɗanta a cikin kasuwa. Ta mayar da gicciyen cikin ɗankwali ta ƙulle, ta yi wa matan sannu da aiki, ta ce mu tafi kada rana ta yi.

Muka kamo hanyar komawa a mota. Sai da muka fara hango rufin kwanon Kafanchan ta yi magana, idonta a kan taga, muryarta kamar mai tambayar farashin gishiri.

“Da ka nuna mini ko'ina, da na yarda.”

Ta yi barci cikin Ubangiji da ruwan farko na bana. Mun sa ta a maƙabartar coci, mun zuba siminti mai kauri, an rubuta suna da manyan baƙaƙe, babbar 'yata ta ɗauki hoton wurin ta adana a waya. Yanzu haka ake yi, kuma ya fi. Ba wanda zai ƙara ɗora wa yaro ɗan shekara tara kabari a ka ya ce ya riƙe. Ƙauyen ma in ka je neman gida, ce maka za a yi bayan shagon caji, ko kusa da injin niƙa, abubuwan da gobe za a iya kwashewa a mota. Manyan itatuwan da ake ɗaure magana a jikinsu sun tafi gari cikin buhunan gawayi, wataƙila ma da su aka dafa mini abincin da na ci.

Gicciyen yana nan a bayan ƙofar ɗakina, cikin ɗankwalinsa. Matata ta ce in kai shi ƙauye in kafa a bakin gonar, ai Allah ya san inda yarinyar take. Gaskiyarta ne, Allah ya sani. Amma ba Allah aka ba ajiyar ba, ni aka ba. Fasto ya ce na yi daidai da ban yi wa uwata ƙarya ba, na ce masa na gode. Shi bai zauna kusa da ita a motar nan ba.